Daga Layin Dogo Zuwa "Data Mara Iyaka": Yadda Hanyoyin Sadarwa Suka Riski Birnin Zazzau

Tsawon ƙarnuka, labari na shiga birnin Zazzau ne ta ƙofofin ganuwa, irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan, a bakin fatake, almajirai da manzannin sarki. Zuwan Turawa ya sauya wannan tsari. Da layin dogo ya iso a 1911, sai aka kafa tasha da ofisoshin gwamnati a arewacin birni, inda Sabon Gari ya bunƙasa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka soma bugawa a 1939, da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Samaru a 1962, duk a wajen ganuwa suka zauna. Tun daga lokacin, sabuwar hanyar sadarwa kan fara sauka inda hukuma da kasuwa suke, daga baya ta gangaro cikin birni, ƙauyuka kuwa su zo a ƙarshe.

Wayar tarho ma haka ta bi. Kafin 2001, layukan da kamfanin NITEL ke da su a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun wannan shekara hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. Cikin 'yan shekaru waya ta shiga gidajen da ba su taɓa ganin tarho ba.

Sai dai intanet ya fi kiran murya buƙatu. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, a Legas suka sauka, kuma jawo su zuwa Arewa na cin kuɗi mai yawa. Shi ya sa jihar Kaduna ta yafe kuɗin izinin binne waya a 2020. Duk da haka, kamfani kan duba yawan masu saye kafin ya kafa turken sadarwa, ga tsadar man dizal, ga matsalar tsaro. A ƙarshen 2021 an ma katse sadarwa na kusan wata biyu a wasu ƙananan hukumomin jihar, ciki har da Giwa mai maƙwabtaka da Zariya.

A nan ne batun "data mara iyaka" ya shigo. Kowane turke yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma duk masu amfani da shi raba wannan ƙarfi suke yi. Don haka kamfanoni ke sanya sharaɗi a ƙananan rubutu: idan mai saye ya kai wani adadi, za a rage masa gudu har wa'adinsa ya cika. Layin bai yanke ba, amma bidiyon darasi ba ya buɗewa. A Amurka, irin wannan ya jawo wa kamfanin AT&T biyan dala miliyan 60 a 2019, saboda bai fayyace wa masu saye sharaɗin yadda ya kamata ba.

Ma'aikacin da ke da intanet a ofis yana da mafita. Ɗalibar cikin birni mai shirin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, da mai POS a Soba ko Maƙarfi, wayar hannu ce kaɗai hanyarsu. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna cewa idan sabis ya yi rauni, ciniki ma tsayawa yake yi. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince a ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari.

Saboda haka, kafin a biya kuɗi, tambayoyi biyu sun wajaba: gigabait nawa za a sha kafin a rage gudu, kuma zuwa nawa za a rage shi? Haƙƙin mai saye ne a ba shi amsar a fili, cikin harshen da yake ji.