Labarin Matan Da Suka Riƙe Gidan Washington

A bakin kogin Potomac, cikin jihar Virginia, akwai gidan George Washington, shugaban Amurka na fari, ana ce da shi Mount Vernon. Nan ya rasu cikin 1799. Bayan shekara hamsin da 'yan kai gidan ya lalace, har sai da aka tokare rumfarsa da itatuwan tsofaffin jiragen ruwa. Magajin gidan ya yi wa gwamnatin ƙasa tayinsa, ta ƙi. Gwamnatin Virginia ma ta ƙi.

To, cikin 1853 sai wata mace mai fama da ciwo, Ann Pamela Cunningham, ta rubuta takarda a jarida, ta yi kira ga mata su tara kuɗi. Cikin 1858 jam'iyyarsu ta ƙulla ciniki a kan dala 200,000, cikin 1860 kuwa aka danƙa musu gidan.

Abin da ya kamata ma'aikaci ya lura da shi, shi ne yadda suka tsara mulkin abin. Suka naɗa shugaba guda, ita Cunningham, suka sa mata mataimaka, mace ɗaya daga kowace jiha, ita ke tara gudummawar jiharta ta kawo lissafi gaban majalisa. Ba a biyansu albashi. Gidan kuwa ba na kowa ba ne a cikinsu, amana ce bisa takardar izni da majalisar Virginia ta ba su. Wanda ya taɓa riƙon baitulmali ya san wuyar wannan.

Amfanin tsarin nan ya bayyana sa'ad da yaƙin basasa ya tashi cikin 1861. Gidan ya faɗo tsakanin rundunoni biyu, shugaba tana can kudu. Sai magatakardarta, Sarah Tracy, mutuniyar arewa, ta zauna ciki tare da mai kula da gida, Upton Herbert, mutumin Virginia. Da yake jam'iyyar ta haɗa matan kudu da na arewa, ba ɓangaren da ya iya ce mata abokiyar gaba. Sojan da ya zo ziyara sai ya ajiye makami a waje, ya rufe kayan sarkinsa. Aka ƙare yaƙi cikin 1865, ba a ƙone gidan ba.

Cunningham ta sauka cikin 1874. Har yau jam'iyyar ke riƙe da gidan, ba ta karɓar kuɗin gwamnati. Da kuɗin shiga da kyautar jama'a ake gyaransa.