Rumun Ndur: haifaffen Zariya da ya tsare baya a kan ƙanƙara

Mutumin Bebeji ko Kiru da ya hau mota a Kwanar Dangora da sassafe, kafin rana ta yi zafi ya isa Zariya. Mutanen wannan yanki, har su Tudun Wada da Doguwa, sun san garin ta asibitin Shika, da jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da kasuwar Sabon Gari. Abin da kaɗan ne suka sani shi ne, sunan Zariya na rubuce a kundin NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, wadda babu irinta a duniya. An rubuta shi ne a gaban sunan Rumun Ndur, ɗan wasan baya, mutum na farko haifaffen Najeriya da ya taɓa buga wasa a wannan gasa.

An haife shi ranar 7 ga Yuli, 1975, makonni uku kafin juyin mulkin da ya kawar da Janar Yakubu Gowon ya kawo Murtala Muhammed, shekara ɗaya bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga. Sunansa ba na Hausa ba ne, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san Zariya ta wancan zamani, lokacin da jami'a da asibiti da tashar jirgin ƙasa suka tara mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar. Tun yana ƙarami iyayensa suka koma Kanada da shi, ya tashi a jihar Ontario. Garin da aka fi danganta yarintarsa da shi shi ne Hearst, wani ɗan gari mai mutane wajen dubu biyar can arewa cikin dajin katako, inda akasarin jama'a Faransanci suke yi. A can sanyin hunturu kan sauka ƙasa da digiri 30 a ƙarƙashin sifiri, ruwan tafki ya daskare ya yi tauri har yara su yi gudu a kansa. A irin wannan gari yaro yakan koyi sulu a kan ƙanƙara tun kafin ya iya rubuta sunansa.

Tunda wasan baƙo ne a wurinmu, sai a ɗan bayyana shi. Ana yin sa a fili mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26, wanda aka daskarar da ruwa a kansa aka kewaye shi da katanga. Kowane ɗan wasa na sanye da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, yana riƙe da sanda mai lanƙwasa, ana korar wani baƙin faifan roba mai tauri wanda nauyinsa bai wuce giram 170 ba. Kowace ƙungiya mutum shida ne a fili: mai tsaron raga, 'yan gaba uku, 'yan baya biyu. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Aikin ɗan baya ya fi na kowa wahala, domin rabin wasansa da baya-baya yake gudu, fuskarsa na kallon mai kawo hari. Shi zai tare faifan da jikinsa idan an harbo, shi zai matse abokin hamayya a jikin katanga, shi zai share gaban raga. Idan ya yi aikinsa daidai, ba a cika ambaton sunansa ba. Ranar da ya yi kuskure ce kowa ke ganinsa.

Ndur ya fito ne ta ƙungiyar Guelph Storm, a gasar matasa ta Ontario, inda ya yi wasa daga 1992 zuwa 1995. Ƙato ne, tsawonsa ƙafa 6 da inci 2, nauyinsa wajen kilo 100. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1994, wanda aka yi a birnin Hartford, ƙungiyar Buffalo Sabres ta ɗauke shi a zagaye na uku, shi ne na 69 a jerin duka. A tsarin Amurka ba sayen matashi ake yi ba. Ƙungiyoyi ne ke zaɓa bi da bi, kuma wanda aka zaɓa yawanci sai an tura shi ƙaramar gasa ya gwada kansa tukuna. Shi ma an tura shi Rochester Americans, kuma ya yi sa'ar zuwa a kan gaɓa: a kakar farko, 1995 zuwa 1996, ƙungiyar ta ci kofin Calder, kofi mafi girma a gasar da ke ƙasa da NHL. Kocinsu a lokacin John Tortorella ne, mutum mai zafin rai da tsananin horo, wanda daga baya ya ci kofin Stanley, kofin zakarun NHL, da Tampa Bay a 2004.

A kakar 1996 zuwa 1997 ya fara taka ƙanƙarar NHL da rigar Buffalo. Kocin da ke riƙe da ƙungiyar a lokacin, Ted Nolan, ɗan ƙabilar Ojibwe ne, cikin mutanen asali na Kanada, kuma a wannan shekarar aka zaɓe shi gwarzon koci na gasar. Ina ganin wannan haɗuwa ta cancanci a tsaya a kanta. A wasan da kusan kowa a cikinsa farar fata ne, ga koci daga mutanen da aka ƙwace wa ƙasa, ga ɗan baya haifaffen Afirka. Baƙar fata na farko a NHL, Willie O'Ree, ya fara wasa ne da Boston Bruins ranar 18 ga Janairu, 1958, shekara arba'in bayan kafa gasar, duk da cewa baƙaƙen fata na yankin Nova Scotia sun kafa tasu gasar hoki tun 1895. Ƙofar a buɗe take a takarda, amma ƙanƙanuwa ce ƙwarai.

Buffalo ba ta ba shi wuri na dindindin ba. A kaka uku wasa 11 kacal ya buga mata, sauran lokacin yana Rochester. A Disamba 1998 ta sake shi, New York Rangers ta ɗauke shi. Wata shida bayan haka Buffalo ta kai wasan ƙarshe na kofin Stanley ba tare da shi ba. Sai dai abin da ya samu a New York ba ƙarami ba ne: wasa 31 a Madison Square Garden da sauran manyan filaye, a ƙungiya ɗaya da Brian Leetch, ɗaya daga cikin 'yan bayan da suka fi kowa iya wasa a zamaninsu, da kuma Wayne Gretzky, wanda masana wasan ke ɗauka babu kamarsa a tarihi. Wannan ce kakar Gretzky ta ƙarshe. Ya ajiye sanda ranar 18 ga Afrilu, 1999. Daga nan Ndur ya koma Atlanta Thrashers, sabuwar ƙungiya da ke kakarta ta farko, wadda ta ci wasa 14 kacal cikin 82 ta ƙare a ƙarshen teburi. Ya buga mata wasa 27.

Jimillar abin da ya bari a kundin NHL ke nan: wasa 69, ƙwallo 2, taimako 3, da minti 137 na zaman hukunci. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ke faɗin irin aikin da aka ba shi.

A gasar NHL, faɗa da hannu laifi ne, amma hukuncinsa zaman minti biyar ne a benci, ba kora ba. Saboda haka a wancan zamani kusan kowace ƙungiya na ajiye mutum ɗaya ko biyu waɗanda aikinsu shi ne su yar da safar hannu su tari duk wanda ya taɓa gwanin ƙungiya. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka, ya ga yadda ɗan damben Kudu ke fitowa domin kare sunan ɓangarensa ko da ya san zai sha kisa, ya fahimci matsayin irin wannan mutum a idon 'yan kallo. Ana yi masa kirari, ana sayen rigarsa, amma ba shi ake tura wa fili ba idan ana neman ƙwallo a minti na ƙarshe. Ndur ɗan baya ne da aka zaɓa a zagaye na uku, wanda ya ci kofi yana ɗan shekara 20, amma girman jikinsa ya sa aka fi neman ƙarfinsa a kan basirarsa. A ganina an tauye shi a nan. Matashin da ake ba minti kaɗan a wasa, kuma ake jiran ya yi faɗa a cikinsu, ba shi da sararin da zai nuna ko ya iya wani abu daban.

Kuma aikin na da tsada. A shekarar 2011 kaɗai, 'yan wasa uku da suka yi suna da faɗa, Derek Boogaard da Rick Rypien da Wade Belak, suka mutu cikin wata huɗu, dukansu ba su kai shekara 40 ba. Binciken likitoci a ƙwaƙwalwar Boogaard ya nuna lalacewar da yawan bugu a kai ke haddasawa, kamar yadda aka gani a ta Bob Probert, wanda ya rasu a 2010. Tun daga lokacin faɗa ya ragu sosai a gasar, kuma akasarin ƙungiyoyi sun daina ajiye mutum domin wannan aiki kaɗai.

Bayan shekarar 2000 Ndur bai sake buga NHL ba, amma bai bar wasan ba. Ya yi shekaru yana yawon neman abinci da sandarsa: ƙananan gasanni a Amurka, birnin Graz a Ostiriya, da Coventry Blaze a Ingila. Zangon da ya fi jawo magana shi ne na Danbury Trashers a jihar Connecticut, a kakar 2004 zuwa 2005, shekarar da rikicin albashi ya hana a buga NHL gaba ɗaya. Mai ƙungiyar, James Galante, attajiri ne da ya yi kuɗi da kwasar shara, ya kuma naɗa ɗansa mai shekara 17 shugabanta. Sun tara 'yan wasa masu ƙarfi da gangan domin faɗa ya jawo 'yan kallo, kuma ya jawo su. A 2006 hukumomin tarayya suka kama Galante bisa laifuffukan da suka shafi harkarsa ta shara, ƙungiyar ta rushe, shi kuma ya tafi gidan yari. A 2021 kamfanin Netflix ya fitar da fim na gaskiya a kan labarin, kuma ta nan ne matasa da yawa suka fara jin sunan Ndur. Abin takaici ne a ce yawancin duniya ta san shi ta wannan zango, ba ta kofin Rochester ba, ba ta kasancewarsa na farko daga ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 ba.

Da ya ajiye wasa sai ya koma kudancin Ontario ya shiga horar da yara da matasa. Wannan hanya ce da tsofaffin 'yan baya da yawa ke bi, kuma akwai dalili. Ɗan baya yana ganin fili gaba ɗaya a gabansa, ya saba karanta inda hari zai ɓullo tun kafin ya ɓullo, ya kuma saba magana da abokin tsaronsa a kowace daƙiƙa. Lindy Ruff, wanda ya karɓi Buffalo a 1997 lokacin Ndur na can, shi ma ya yi wasan baya kafin ya zama koci, kuma ya yi kusan shekara 16 a jere a wannan kujera. Ga baƙar fata kuwa, benci ya fi fili wuyar shiga: sai a 1998 aka samu na farko da ya zama babban koci a NHL, Dirk Graham na Chicago, kuma bai cika kaka ɗaya ba. Shi ya sa ba na raina aikin horar da 'yan shekara 14 da 15. A wannan mataki ne ake yanke wa yaro hukuncin ko shi mai wasa ne ko mai faɗa, kuma mutumin da aka taɓa yanke wa wannan hukunci ya fi kowa sanin nauyinsa.

Tarihin Ndur na ɗauke da wata gaskiya da ta shafe mu kai tsaye. Zariya ta ba shi wurin haihuwa, amma ɗakin ƙanƙara na ƙaramin gari, da kocin sa-kai, da gasar yara mai tsari daga mataki zuwa mataki, su suka mai da shi ɗan wasa. Hearst, garin da bai kai yawan mutanen wata unguwa a Tudun Wada ba, ya fitar da shi, ya kuma fitar da Claude Giroux, wanda ya daɗe yana kyaftin ɗin Philadelphia Flyers. Babu wanda zai ce a gina ɗakin ƙanƙara a Kiru ko a Riruwai, duk da sanyin da ake yi a can cikin hunturu. Amma yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin firamare da yamma, su ma abin da suka rasa ke nan: mai koyarwa da ya san aikin, da gasa mai ɗorewa, da wanda zai rubuta sunansu ya bi sawunsu.

Bayan Ndur an sake samun haifaffen Najeriya a NHL. Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene a 1989 ya tashi a Yukiren da Kanada, ya buga wa Calgary Flames wasanni kaɗan daga 2012. A Nuwamba 2019 ya fito fili ya faɗi cewa wani koci, Bill Peters, ya zage shi da kalmar wariyar launin fata shekaru goma da suka wuce a ƙaramar gasa. Peters, wanda a lokacin shi ne kocin Calgary, ya amsa ya furta kalmar, ya kuma ajiye aiki cikin 'yan kwanaki. A shekarar da ta biyo baya Aliu da wasu 'yan wasa baƙaƙen fata suka kafa ƙungiyar Hockey Diversity Alliance domin yaƙi da wariya a wasan da kuma kai shi ga yaran da iyayensu ba su da halin sayen kayansa.