Kaburbura Biyu, da Begen da Bai Mutu Ba



Akwai waɗansu a cikinmu, daga Fakku zuwa Tambuwal da Kebbe, waɗanda har yanzu tabarmar makoki take shimfiɗe a ƙofar gidansu. Saboda su ne muke so mu waiwayi yadda bishara ta fara shigowa ƙasarmu, gama da hawaye aka shuka ta.

Ran 4 ga Disamba 1893, samari uku suka sauka a Ikko: Walter Gowans daga Kanada, Thomas Kent daga Amurka, da Rowland Bingham, haifaffen Ingila. Nufinsu shi ne su kai bishara cikin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wato har da ƙasar Hausa. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, sai ya tsaya a Ikko, sauran biyun suka nufi arewa.

Shekara guda ke nan, aka binne su duka biyu. Gowans ya rasu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, a watan Nuwamba 1894. Kent kuma ya rasu a Bida a watan Disamba. Ba su gina majami'a ba, ba su yi wa kowa baftisma ba. Ga idon mutum, hasara ce tsantsa.

Bingham ya koma Kanada a 1895, ya je ya ga mahaifiyar Gowans. Ita ce tun farko ta zuga shi ya bi ɗanta. Me mutum zai faɗa wa uwa a irin wannan rana? Amma bisa ga shaidar Bingham, matar nan ba ta yi da-na-sani ba. Ta gwammace ɗanta ya mutu cikin biyayya ga Ubangiji, da ya zauna gida yana ƙin kiransa. Ta kuma ci gaba da addu'a domin ƙasar da ta cinye mata ɗa.

A 1900 Bingham ya sāke zuwa, ciwo ya sāke korarsa. Sai a 1902 ne aka kafa tashar farko a Patigi, a bakin Kwara. Daga nan aikin mishan na SIM ya bazu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller na CMS ya ɗauki babban kaso a ciki. Cikin shekarun 1930 ɗin nan ne kuma ma'aikatan SIM suka soma jinyar kutare a Amanawa, kusa da Sakkwato. A 1954 aka kafa ECWA. Gowans da Kent ba su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

To, me wannan tarihi yake koya mana?

Da fari, kuka ba rashin bangaskiya ba ne. Ubangijinmu da kansa ya zub da hawaye a bakin kabarin Li'azaru, ko da yake ya san zai tashe shi. Kada mu tsauta wa gwauruwa don ta yi kuka. Manzo Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, abin da ya hana shi ne baƙin ciki marar bege.

Na biyu, mu manoma ne. Mun san wanda ya binne gero da ruwan fari ba zubar da shi ya yi ba. Da wannan misalin iri ne Yesu ya bayyana mutuwarsa a Yahaya sura 12. Tsakanin kabarin Girku da tashar Patigi akwai shekara takwas na shiru. Mai yiwuwa kana cikin naka shirun yanzu. Ba za mu ce mun san dalilin kowace mutuwa ba, amma mun san Wanda ya tashi daga matattu.

Na uku, Bingham bai aika saƙo ba, da ƙafarsa ya je. Mu ma kada ta'aziyyarmu ta ƙare ran jana'iza. Bayan baƙi sun watse, a kai wa marayu hatsi, a taya gwauruwa noma, a zauna da ita.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, Allah na dukan ta'aziyya, ka riƙe masu makoki a cikinmu, ka ƙarfafa begenmu har ranar tashin matattu. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.