Gauraka a Fadamar Gobir: Abin da Hoto Ya Ɗauka da Abin da Ya Bari

A shekarar 1758, da masanin halittu Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya zo raɗa wa gauraka suna a kimiyyance, sai ya kira shi da kalmar Latin "pavonina", wato mai kama da dawisu, saboda tukkun nan mai ruwan zinari da ke kansa. Sai dai kama da wane ba ta wane. Dawisu baƙo ne daga Indiya, a gidajen sarakuna da attajirai aka san shi a ƙasar Hausa. Gauraka kuwa ɗan ƙasa ne: a fadama yake kiwo, a cikin ciyawar ruwa yake yin sheƙa.

Irin wannan fadamar ce ta ratsa ƙasar Isa da Sabon Birni, inda ruwan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ke haɗuwa a cikin Rima. A wannan kwarin Gobirawa suka gina Alkalawa, wadda ta faɗi a 1808, kuma a nan suka kafa Sabon Birni a rabi na biyu na ƙarni na 19. Ruwan da ya ciyar da birane shi ya ciyar da tsuntsaye.

Turawan farko da suka yi nazarin tsuntsayen arewa bindiga suka fi dogara da ita. Boyd Alexander tsakanin 1904 da 1907, da Angus Buchanan da ya tashi daga Kano zuwa Azbin a 1920, fatun tsuntsaye suka tara suka kai gidajen tarihi na Ingila. Alhali a Turai sana'ar hoto ta riga ta yi nisa: Ottomar Anschütz ya ɗauki shamuwar Turai tana tashi a 1884, 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, kuma suka buga littafin sheƙunan tsuntsaye da hotuna zalla a 1895. Fata tana nuna launi da girma, amma ba ta nuna muhalli. Abin da kyamara ta ƙaro ke nan, ga wanda ya yarda ya yi amfani da shi.

A nan ne zaɓin tsarin hoto ya zama babban al'amari. Dawisu ya saba wa masu hoto da tsari guda: idan namiji ya buɗe gashinsa, sai a tsaya daidai inda mace za ta tsaya, a matso har adon ya cika hoton, a dusashe duk abin da ke baya. Ga dawisu babu asara, domin bayan nasa bango ne ko lambu. Amma idan aka yi wa gauraka haka, mai kallo ba zai iya bambance wanda ke yawo a fadama da wanda aka fige wa fiffike aka ajiye a tsakar gida ba.

Bambancin kuwa shi ne dukkan labarin. A shekarun 1960 Nijeriya ta sa gauraki a kan sarki na sule da taro. Daga nan sai farin 1973 da na 1984 suka busar da tafkuna, noman rani ya shiga fadamu, madatsun ruwa irin ta Goronyo suka sauya tafiyar ambaliya, masu kamawa kuma suka yi ta sayar da tsuntsun don ado. A 2010 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma ganinsa a dajin Nijeriya ya zama abu mai wuya. Yanzu ga rashin tsaro ya sa shiga fadamun Isa da Sabon Birni ya zama kasada ga manomi, balle mai kyamara.

Saboda haka duk wanda ya dace da ganin gauraka a sake, ja da baya ya fi masa matsowa. Ya bar ruwan, da ciyawar, da gonar shinkafar da ke gefe su shiga hoton, ya kuma rubuta rana da sunan wurin. Hoton kusa zai nuna kyawun tukku, wanda tsuntsun gida ma yana da shi. Hoton nesa shi ne zai zame wa na baya shaida cewa a wannan shekara, a wannan fadama, gauraka yana nan.