Tufafin Sojan Ruwa a Tarihin Adon Turawa da Japanawa

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi yadda kayan aikin ƙananan ma'aikatan jirgin ruwa, wato farar riga mai faffaɗar kwala a baya, da riga mai ratsin shuɗi, suka zama kayan ado a tudu. Abin da take son nunawa shi ne cewa tufafin nan sun shiga gari ne ta ƙofar fada, sa'annan suka bi duk inda ƙarfin sojan ruwa ya bi.

Daga Fadar Ingila

A shekarar 1846 Sarauniya Biktoriya ta sa aka ɗinka wa ɗanta Albert Edward, yana ɗan shekara huɗu, irin kayan ma'aikatan jirgin ruwanta. Mai zane Winterhalter ya zana yaron cikin kayan, hannu a aljihu, zanen kuwa ya bazu. Abin lura a nan shi ne, a lokacin rundunar ruwan Ingila ba ta ma tsayar wa ƙananan sojojinta kayan sarki ba, sai a 1857. Ashe ke nan ɗan sarauniya ya riga doka. Ma'aikacin jirgi a wancan zamani talaka ne da ake yi wa bulala, ba wanda attajiri zai so ɗansa ya kwaikwaya ba. Amma da fada ta sa hannu, sai rigar ta zama alamar kishin ƙasar da ke taƙama da mulkin teku, kafin ƙarshen ƙarni na 19 kuwa ta game gidajen masu hali, 'ya'ya maza da mata.

Faransa ta bi wata hanya. Dokar 27 ga Maris 1858 ta ƙayyade rigar cikin sojan ruwa: ratsin fari 21, na shuɗi 20 ko 21. Rasha ta ɗauki irinta a 1874. Coco Chanel, wadda ta buɗe kanti a garin Deauville na bakin teku a 1913, tana cikin waɗanda suka jawo salon matuƙa da yadin saƙa mai laushi zuwa kayan mata, a zamanin da ake ɗaure mace tamau.

Yaɗuwarta

A Jamus rigar yaran ta samu karɓuwa a zamanin Sarki Wilhelm II, daidai lokacin da ƙasar ke gasar ƙera jiragen yaƙi da Ingila, har ana kiranta da sunan tashar Kiel. Na Austriya ya fi ban mamaki: yaran mawaƙan Biyana sun koma sa ta ne bayan rushewar daular a 1918, wato lokacin da ƙasar ta rasa bakin teku ɗungurungum.

Sai dai babu inda rigar ta kafu kamar Japan, wadda ta tsara rundunarta ta ruwa bisa tsarin Ingila. A tsakanin 1920 da 1921 wasu makarantun 'yan mata na mishan, irin su Heian a Kyoto da ta Fukuoka, suka ɗauke ta a matsayin kayan makaranta, domin ta fi kimono sauƙin motsi da ɗinki. Turawa sun daɗe da cire wa 'ya'yansu ita, amma har yau akwai makarantun sakandare a Japan da ɗalibansu mata ke sa ta.