Yaƙin Bama a Fim: Ina Sauran Labarin Eric Lomax?

Yau maganar fim nake tafe da ita, amma ba na Kano ko na Indiya ba. Fim ne na Turawa mai suna The Railway Man, wanda ya fito a 2013, aka ce tarihin rayuwar wani fursunan yaƙi ne, Eric Lomax. Da yawa daga cikinmu mazauna Shadawanka da kewayen bariki mun gan shi a faifai, kuma ana ta yabonsa a kan cewa yana koyar da yafiya. Ni ma ban ce bai yi kyau ba, domin Colin Firth da Nicole Kidman sun iya wasa. To amma duk wanda ya karanta littafin da Lomax ya rubuta da kansa a 1995 zai ga an yi wa labarin kwaskwarimar da ta wuce gona da iri.

Shi dai Lomax mutumin Edinburgh ne ta ƙasar Sikotilan, an haife shi a 1919, kuma ƙaramin hafsa ne a sashen sadarwa na sojan Ingila. Yana cikin waɗanda Japanawa suka kama lokacin da birnin Singafo ya faɗa hannunsu ranar 15 ga Fabrairu, 1942. Daga nan aka kwashe su zuwa Tailan domin aikin layin dogo mai tsawon kilomita 415 da Japan take shimfiɗawa zuwa Bama (ba Bama ta Borno ba, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar). A watan Agusta na 1943 aka gano fursunonin sun haɗa 'yar rediyo a ɓoye suna sauraron labarai, aka kuma samu taswirar layin dogon da Lomax ya zana. Dukan da aka yi musu a Kanchanaburi ya kashe hafsoshi biyu, shi kuwa aka karya masa hannuwa duka biyun. Bayan haka 'yan sandan soja na Kempeitai suka ɗaure shi a benci, suka rufe masa fuska da tawul, suka riƙa ɗura masa ruwa da tiyo. Akwai wani tafinta a wurin, Takashi Nagase, wanda shi ke fassara masa tambayoyi, kuma muryar wannan mutum ce ta zauna masa a kai shekaru hamsin.

Har zuwa nan fim ɗin bai kauce sosai ba. Inda ya saki hanya shi ne abin da ya biyo bayan yaƙi. An nuna mana Lomax kamar wani tuzuru mai son jiragen ƙasa, wanda bai san daɗin duniya ba sai da ya haɗu da Patti a cikin jirgi. Alhali mutumin nan ya yi aure tun 1945, makonni kaɗan da dawowarsa gida, ya zauna da matarsa Agnes fiye da shekaru talatin, sun haifi 'ya'ya uku. Gaskiya ne ya haɗu da Patti a jirgi a 1980, amma a lokacin da aurensa, sai a 1983 suka yi aure bayan ya rabu da uwargidan. Mai karatu, ka duba fa: matar da ta kwana da firgitar mijin da shirunsa tun yana ɗanyen dawowa, ita da 'ya'yanta, ko sunansu ba a ambata ba. Mu da muka tashi kusa da bariki mun san cewa idan soja ya dawo da ciwon da ba a gani, mutanen gida ne suke fara ɗanɗana shi.

Babbar ɓarnar tana wurin haɗuwarsa da Nagase. A fim, Lomax ya ɗauki wuƙa ya tafi Tailan ba sallama, ya rutsa tafintan, ya yi masa tambayoyi irin waɗanda aka yi masa, har ya kulle shi a kejin gora. Wannan duk ƙirƙira ce. Haka ma abokin nan nasa Finlay da ya rataye kansa a gada domin ya zaburar da shi, marubutan fim ne suka samar da shi. Lomax bai ɓoye cewa ya daɗe yana saƙa ramuwa a zuciya ba, amma yadda abin ya gudana daban ne, kuma a hankali ya tafi. Da farko sai da ya riƙa zuwa Landan neman magani a cibiyar kula da waɗanda aka azabtar, wadda Helen Bamber ta kafa a 1985, inda a karon farko ya iya buɗe baki ya faɗi abin da aka yi masa. A 1989 ya ga hoton Nagase a wata jaridar Japan, daga baya ya karanta ɗan littafin da tafintan ya rubuta, wanda a ciki ya ambaci azabtar da wani hafsan Ingila. Patti ce ta fara rubuta wa Nagase wasiƙa a 1991, cikin fushi, shi kuma ya amsa da neman gafara. Aka yi ta musayar wasiƙu, kowa ya san da zuwan kowa, sannan suka haɗu a 1993 kusa da gadar kogin Kwai, dukansu sun haura saba'in. Ko a ranar ma Lomax bai furta yafiya ba, sai da suka wuce Japan tare ya ba shi a rubuce.

A ganina wannan ya fi wuƙa da keji nauyi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu tsakanin gidaje biyu ya san ba a rana ɗaya ake gamawa ba, sai da 'yan aike, da jira, da mai haƙurin kai-komo. Fim ɗin ya jefar da likitoci da wasiƙun da suka gabaci haɗuwar saboda ba sa sa mai kallo ya miƙe zaune.

Sai kuma waɗanda kyamara ta tsallake. Fursunonin yaƙi na Ingila, Ostiraliya, Holan da Amurka da suka mutu a kan layin dogon nan sun haura 12,000. Amma leburori 'yan Asiya da aka tilasta wa aikin, Tamilawa da mutanen Bama da Malaya da Jaba, waɗanda suka mutu a cikinsu sun kai kimanin 90,000, kuma a fim ɗin ba su wuce inuwa a bayan fage ba.

Nan ne maganar ta zo gidanmu. An gina layin ne domin kai wa sojan Japan da ke Bama abinci da makamai, kuma sojan nan su ne kakanninmu suka je suka yaƙa. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suna ɗauke da kaya a ka cikin dajin da mota ba ta shiga, har suka karɓe Myohaung a Janairun 1945. Wasu bataliyoyi uku na Nijeriya kuma suna cikin Chindit da aka sauke a bayan abokan gaba a 1944. Ana ƙiyasta 'yan Afirka ta Yamma da suka je can da kimanin 90,000, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya, kuma Hausa ce ta daɗe tana harshen bariki tun daga Legas har Gwalkwas. Shi ya sa har gobe muke da barikin Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Dodan da Arakan a Legas, ga Burma Camp a Accra. Mutane suna kiran sunayen nan kullum ba tare da sun san daga dajin Bama aka kwaso su ba. Ga 'yan'uwanmu da iyayensu suka fito daga zangon Kumasi ko Accra, akwai ƙarin abin lura: bayan yaƙi Lomax ya shiga aikin mulkin mallaka, a Gwalkwas ya yi aiki har 1955, ƙasar da a ranar 28 ga Fabrairu, 1948 aka harbe 'yan mazan jiya uku a Accra saboda sun fito neman haƙƙinsu. Wannan ɓangare na rayuwarsa ma fim bai leƙa shi ba.

In da masu shirya fim suna neman labari, ga na Isaac Fadoyebo, Bayarabe daga Emure-Ile kusa da Owo, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 16. A watan Maris na 1944 Japanawa suka afka wa rukuninsu na ma'aikatan asibiti a bakin kogin Kaladan, aka harbe shi a ƙafa aka bar shi a matsayin wanda zai mutu. Shi da wani mutumin Saliyo, David Kargbo, wani Musulmi talaka mai suna Shuyiman ne ya ɓoye su a gidansa yana ciyar da su, alhali ya san in an gano kashe shi za a yi, har aka cece su a ƙarshen shekarar. Barnaby Phillips ya yi shiri a kansa a tashar Al Jazeera a 2011, ya je ya nemo iyalan Shuyiman ya kai musu wasiƙar godiya. Lomax ya rasu a Oktoban 2012, Fadoyebo ya bi shi a Nuwamba.

Fadoyebo ya yi boko, ya rubuta nasa. Galibin Hausawan da suka je ba su rubuta ba, sai dai ƙagaggen labarin Biyi Bandele na 2007, Burma Boy, wanda tauraronsa Ali Banana da Hausa yake magana. Don haka duk wanda akwai tsohon littafin sallamar kakansa a cikin adaka, ko lambar yabo ta tauraron Bama, ya ciro ya kwafe lambar soja da bataliya da shekarar ɗauka, sannan ya zauna da tsofaffin matan gidan ya tambaye su yadda mutumin ya dawo.