Tubali da Azara: Tarihin Ginin Ƙasa da Gurbinsa a Manhajar Hausa

Idan muka waiwayi tarihin gine-gine a ƙasar Hausa, za mu tarar cewa kayan aikin magini duk daga muhallinsa suke fitowa. Da jar ƙasa ake yin tubali a shanya shi a rana, daga itacen giginya ake tsaga azara wadda gara ba ta cika cin ta ba, sannan da makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ake shafe bango domin kare shi daga ruwa. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi a faɗin da ya wuce kimanin mita 2, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga domin rufe manyan soraye.

Wannan fasaha ta kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Haka kuma a ƙauyen Yama da ke yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, jama'a na taya shi da tubali da ruwa da itace. Ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Abin lura shi ne ginin ƙasa ba ya ɗorewa sai da kulawar jama'a. Kafin faɗuwar damina akan yi yaɓe, a gyara indararo, yara kuma na koyon sana'ar da kalmominta a wurin manya. Da siminti da kwano suka yaɗu a ƙarni na 20, wannan hanyar koyo ta yi rauni, duk da cewa ɗakin ƙasa ya fi sanyi a lokacin bazara. Ita ma giginya takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta isa sara, saboda haka sara ba dashe yana barazana ga sana'ar.

Don haka muna ganin ya kamata masu tsara manhaja su sanya wannan tarihi cikin darussan al'adu. Malami zai iya kai ɗalibai Gidan Makama a Kano ko wurin Sarkin Magina, su tattaro kalmomi irin su zanko da laso da katsi, su rubuta ma'anarsu daga bakin masu sana'ar tun suna raye.